Aghali Biyu a Garka Ɗaya

Cikin ayyukan da na yi da masu ɗaukar fim a nan Tamanrasset akwai wanda ban taɓa mantawa da shi ba, ko na so in manta ma iyalina ba za su bar ni ba. Shi ne aikin da na yi wa Malam Ilyasu a shekarar da Turawa suka ba shi lambar girma. Ku da kuka shigo sana'ar nan a bayana kun sha tambayata abin da ya sa nake ɗaure fuska idan an ambaci sunansa, alhali na fi kowa daɗewa ina yi masa aiki. To ku zauna ku ji.

Ga wanda bai san aikinmu ba, bari in ɗan yi bayani. Masu fim suna zuwa daga nesa da kamera da takardar izini daga babban birni, amma ba su san kowa ba. Ni ke yawo da takardar daga wannan buro, wato ofis, zuwa wancan. Ni ke sanar da jandarma hanyar da za mu bi, in akwai Turawa cikin tawagar a ba mu rakiya. Ni ke nemo mota da direba da mai dafa abinci, in roƙi mai gida ko mai garka ya yarda a ɗauki hoto a wurinsa, sannan in yi tafinta tsakanin Faransanci da Hausa da Larabci da ɗan Tamashek ɗin da na tsinta a gidan surukaina. A takarda ana rubuta ni a matsayin mataimaki na cikin gida. A zahiri ni ne wanda ake zagi ta ɓangare biyu.

Malam Ilyasu ɗan Damagaram ne kamar ni, amma ya girme ni nesa ba kusa ba. Ya zo ƙasar nan yana saurayi da wata tsohuwar kamera ta aro, ya tare a wata garka a ƙauyen Abalessa har rani ya zagayo, a nan ya yi fim ɗinsa na farko. Mutanenmu ba su riƙe sunan fim ɗin na Faransanci ba, fim ɗin rijiya kawai suke ce masa. Labarin wani saurayi ne da fari ya koro daga Abzin, ya zo ya kama aikin ban ruwa a garkar wani, yana jan wasaki, wato babban gugan fata, da raƙumi. Saurayin ba ɗan wasa ba ne, rayuwarsa yake yi a gaban kamera, kuma sunansa na gaskiya aka bar masa, Aghali. Hoton yana rawa, sautin yana shaƙewa, amma mutanen ciki suna magana kamar mutane. Ana faɗa a kan rabon ruwa, ana dariya, akwai wata tsohuwa da ke zagin akuyarta tun daga farko har ƙarshe. Ina yaro aka haska mana shi a bangon lekkol ɗinmu, wato makarantarmu. Da aka zo inda raƙumin ya durƙushe ya ƙi tashi, Aghali ya ɗaura igiyar a ƙugunsa ya ja da kansa, na ga manya suna share ido da bakin riga.

Daga baya Malam Ilyasu ya koma Turai da zama. Kamerarsa ta gyaru, hotonsa ya yi kyau kamar a lashe, sai dai mutane sun fara ƙarewa a cikin finafinan. Na yi masa aiki a biyu daga cikinsu, don haka ba da ka nake magana ba. A ɗayan, wani mutum ne ke tafiya a kan tudun yashi. Ya yi ta tafiya, ya tsaya ya dubi sama, ya ci gaba. Na taɓa kai fim ɗin shagon Baba Bukari, wani tela ɗan Maraɗi da muke zaman hira a wurinsa, don abokaina su ga aikina. Kafin mutumin ya kai ƙarshen tudun an sha shayi na fari an sha na biyu, wasu sun yi barci, Baba Bukari kuma ya koma kan kekensa. Turawa dai suna ta yabawa, mu kuma muka ce wataƙila idonmu ne bai waye ba.

To sai ga labarin lambar girma. Wata ƙasar Turai ce ta ba shi, suna kiran mai ita Shabaliye. Sarauta ce irin tasu, ba gari ba talakawa, ɗan ƙyalle ne da ƙarfe da ake maƙala wa mutum a ƙirji. Amma ɗanmu ne, mun yi murna. Ba a jima ba ya kira ni a salula.

"Mamman Sani, ka ji labari?"

Na ce, "Na ji, Maigida. Allah ya sanya alheri."

Ya ce za a yi masa babban taro a can, a haska dukan finafinansa, kuma ana son ya kawo wani gajeren sabo wanda zai nuna ya koma inda ya fara. "Ina son garkar, ina son rijiyar, ina son Aghali, in dai yana raye."

Na ce, "Maigida, ai kawun matata ne."

Ya ce, "Ikon Allah!"

Wannan magana na faɗa masa a aikinmu na farko, na maimaita a na biyu, kuma kowane karo da wannan ikon Allah yake amsa mini kamar sabon labari.

Na tafi Abalessa na sami Kawu Aghali. Shekaru sun yi masa alheri. Ya auri 'yar mai garkar, garkar ta dawo hannunsa, ya je Makka, ya yi ƙiba har da tumbi, yana sa tabarau mai kauri. Raƙumi da wasaki an daɗe da barinsu. Allunan sola ne ke ba famfo wuta, famfo ya cika tanki, tiyo ya raba ruwa fangali-fangali. Da na faɗa masa wanda ke zuwa, sai da ya tashi tsaye.

"Ilyasu? Mai tsoron kunama? Wanda ke kwana a kan katanga?"

Ya yi dariya har da tari, ya ce a ware rago. Na ce masa aikin safiya biyu ne, kuma ba abin da za a taɓa a garkar. Da bakina na faɗa, domin haka Malam Ilyasu ya tabbatar mini. Ku riƙe wannan, don a sana'armu bakinka shi ne jarinka.

Ranar tafiya muka tashi da mota biyu da ta jandarma a baya. Tawagar ba ta da yawa: Malam Ilyasu, da Baturen da ke riƙe kamera, da wata Baturiya mai ɗaukar sauti. Muna shirin tashi sai ga Baba Bukari da ƙunshin ɗinki, ya ce in rage masa hanya, zai kai wa wani kayan biki a Abalessa. Dogo ne siriri, mai farin gemu, ranar kuma ya naɗa rawani saboda rana, abin da ba ya yi a shago. Na ce ya shiga baya.

Mun iske Kawu Aghali a bakin garka cikin babbar riga, ya buɗe hannu biyu. Malam Ilyasu ya sauko da alamar lambarsa a ƙirjin kwat, ya miƙa masa hannu ɗaya ya ce, "Sannu, Alhaji, mun gode da masauki," ya wuce shi kai tsaye zuwa rijiya. Can ya tsaya yana nuna allunan sola da tanki.

"Mamman, mene ne wannan? Ka ce wa mai garkar a kwashe."

Na ce, "Maigida, mai garkar shi ne Aghali."

A yi masa adalci, da ya juyo ya dube shi da kyau, idonsa ya kawo ruwa. Suka rungumi juna, suka zauna a inuwar dabino suna tuna mutanen da suka rasu. Aka kawo rago da tagella, gurasar da ake gasawa cikin yashi, aka ci aka sha shayi. Na ce a raina aiki ya yi kyau.

Bayan la'asar sai Malam Ilyasu ya sa mai kamera ya kafa ta, ya leƙa Kawu ta ciki. Ya ce ya cire tabarau. Ya ce ya juya gefe. Ya ce ya ɗan shanye cikinsa. Kawu yana yi yana dariya, ya ɗauka wasa ne na tsofaffin abokai. Sai Malam Ilyasu ya ja ni gefe ya koma Faransanci.

"Ba zai yiwu ba. Duniya ta san Aghali siriri, mai yunwa a ido. Wannan ai ɗan kasuwa ne. In na nuna musu shi na kashe fim ɗin farko."

Na ce, "Maigida, to ai shi ne. Allah ne ya rufa masa asiri."

Bai saurare ni ba, idonsa yana wani wuri. Baba Bukari ya kai ɗinkinsa ya dawo, yana zaune a gindin wani dabino yana jiran mota, rana ta bugi gefen fuskarsa. Malam Ilyasu ya kama hannuna ya matse.

"Ga Aghalina can."

Na ce tela ne. Na ce ɗan Maraɗi ne, ko kalma ɗaya ta Tamashek bai sani ba, bai taɓa kusantar raƙumi ba sai a tukunya. Ya ce kamera ba ta san tela ba. Ya yi mini dogon bayani cewa gaskiyar fim daban, gaskiyar titi daban, kuma ni ban yi karatun da zan gane ba. Daga ƙarshe ya ce in je in fassara wa mai garkar. Na ce, "Maigida, kai Bahaushe ne, shi ma yana jin Hausa kamar jakin Kano." Kafin in rufe baki sai na ji muryar Kawu a bayanmu. Ashe shekarun da ya yi yana sayar wa masu yawon buɗe ido kayan garka sun ba shi Faransancin da ya ishe shi.

Ya ce, "Mamman, kar ka wahalar da kanka, na ji. Baƙona ne. A yi masa abin da yake so."

Ya mayar da tabaransa ya tafi alwala. Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Wani zai ce me ya hana ni tattara kayana in tafi. Sunana ne a jikin izinin a matsayin mai alhakin tawagar, in na janye jandarma za su mayar da kowa gari a ranar. Na kai wa Kawu wannan shawara da kaina, na ce ya ba ni izini kawai. Ya ce ba a taɓa korar baƙo daga garkarsa ba, kuma ba za a fara da wanda suka ci abinci a kwano ɗaya suna samari ba. Baba Bukari shi ma da farko ya ƙi. Sai da Kawu ya ce masa, "Yi haƙuri ka zama ni na kwana biyu, Malam Bukari, ba wuya," sannan ya yarda.

Allunan sola ba su ciruwa cikin sauƙi, don haka aka lulluɓe su da tabarmi da ganyen dabino. Wanda ya san sola ya san ma'anar wannan: ba wuta, ba famfo, ba ruwa. Aka sare itace aka sake kafa katakon rijiya irin na da. Aka aro wasaki a wurin wani tsoho. Sai aka tarar ruwan rijiyar ya yi nisan da igiya ba ta kai masa. Dabarar da Malam Ilyasu ya kawo ita ce a cika wasaki daga tanki, a zura shi cikin rijiya, sannan raƙumi ya jawo shi kamar daga ƙasa ya fito. Kowane ɗauka wasaki guda, kuma ruwan a yashi yake ƙarewa, don inda haske ya fi kyau ba nan fangali yake ba. Ruwan tankin nan kuwa shi ne aka tanada domin dashen tumatir da tattasai da ba su daɗe da shiga ƙasa ba.

Raƙumin da na samo daga ƙauyen Tit na ɗaukar baƙi ne, bai taɓa jan komai ba. Ya dubi igiyar, ya dubi Baba Bukari, ya yi wata ƙara, Baba Bukari ya saki komai ya ruga bayan tanki. Haka muka wuni. Daga ƙarshe Kawu Aghali ne ya zo ya tsaya a bayan kamera, yana koya wa tela yadda ake zama Aghali.

"Ba haka ba, Malam Bukari. Sassauta igiyar. Kar ka dubi idonsa. Bi gefensa, ba gabansa ba."

Raƙumin kuma ba ya motsi sai Kawu ya yi masa irin kiran da yake yi wa nasa a da. Da Malam Ilyasu ya ji kiran, ya sa Baturiyar ta naɗi muryar, ya ce za a ɗora ta a bakin Baba Bukari. Ita kanta na ga ta sunkuyar da kai lokacin da take miƙa wa Kawu abin magana.

Safiya biyu ta zama kusan mako. Malam Ilyasu ba ya ɗauka sai da hantsi da kuma gab da faɗuwar rana, wai a nan haske ke da rai. Na roƙe shi a buɗe allunan da tsakar rana, lokacin da ba ma aiki kuma lokacin da famfo ya fi ja. Ya ƙi. A aikin fim akwai ƙa'idar cewa duk abin da ya bayyana a ɗauka ɗaya dole ya zauna yadda yake a ta gaba, don kar mai kallo ya ga bambanci idan an haɗa. Ya ce in an ɗaga ganyen ba za a iya mayar da shi daidai ba. Na ce zan ɗauki hotonsa a salula mu mayar da kowane ganye inda yake. Ya ce ni ba mai fasaha ba ne. Ganyen dabino fa, jama'a!

Iyalan gidan suka koma ɗibar ruwa da bokiti daga garkar maƙwabci, amma bokiti ba ya shayar da garka. Dashen ya fara langaɓewa. Matar Kawu ta tare ni a bakin madafa, ba ta ko amsa gaisuwata ba.

"Mamman, kai ka kawo mana wannan?"

Na ce, "Ni ne, Inna."

Ta ce, "To ka san yadda za ka yi da shi."

Matata ma ta kira daga gari ta faɗa mini abin da ba zan maimaita a gabanku ba. Na koma wa Malam Ilyasu na ce amfanin gonar mutane yana mutuwa. Ya dafa kafaɗata ya ce saura kaɗan, kuma wata rana iyalan nan za su yi alfahari cewa a garkarsu aka yi wannan aiki.

Ranar ƙarshe da hantsi, komai ya daidaita a karon farko. Raƙumi yana tafiya, Baba Bukari ya riƙe igiya kamar ya iya, haske ya faɗo yadda ake so, kowa ya yi tsit. Sai ga Kawu Aghali ya fito daga wajen fangalin tumatir da wani mataccen dashe a hannu. Bai yi sauri ba. Ya ratsa ta gaban kamera da tumbinsa da tabaransa, ya je ya yaye tabarmar farko, ya yaye ta biyu, ya watsar da ganyen, ya murɗa makunnin famfo. Muka ji famfon ya yi gurnani, can sai tiyo ya cika ya miƙe.

Malam Ilyasu ya yi ta ihu da Faransanci a tsaye. Da ya ga ba mai kula shi, Hausarsa ta dawo masa tsaf.

"Aghali! Ka san abin da ka lalata? Duniya na jiran fim ɗin nan!"

Kawu ya ce, "Duniya ta jira. Tumatir ba ya jira."

Ya ja tiyo ya kai fangalin farko, sannan ya ɗago ya dube shi. Ba da faɗa ya yi maganar ba.

"Ilyasu, wancan karon kai ke zama a gindin dabino da kamerarka har in gama ban ruwa. Ranar da igiya ta tsinke kai ka shiga rijiya ka ɗauko wasaki, kana kuka don tsoro. Me ya same ka a can?"

Malam Ilyasu ya juya wajen tawagarsa. Ya ce wa mai kamera abin da suka samu ya isa, a tattara. Ya shiga mota ya zauna har muka gama loda kaya, ko sallamar kirki bai yi ba. Fiye da rabin dashen bai tashi ba. Bayan na kai su filin jirgi na koma Abalessa na yi kwanaki muna sabon dashe, Inna tana ajiye mini abinci ba tare da ta dube ni ba.

Na ɗauka an gama. Bayan wasu watanni sai ga kiransa. Ya ce fim ya haɗu, masu shirya taron sun gani sun yaba ƙwarai, har suna son a kawo Aghali da kansa ya hau dandamali a tafa masa. To ga matsala. Fasfo mai sunan Aghali yana ɗauke da fuskar mai tumbi. Fuskar da ke cikin fim kuma fasfonta Bukari ya ce. Ya tambaye ni ko na san wanda zai iya gyara takarda. Na ce ban sani ba, kuma ko na sani ba zan kai kaina kurkuku ba. Na ce hanya ɗaya ce, ya faɗa musu gaskiya ya gayyaci dattawan biyu. Ya ce in bar masa, zai san yadda zai yi.

Ga yadda ya yi. A ranar taron ya hau dandamali da lambarsa a ƙirji, aka haska babban hoton Baba Bukari da rawani, an rubuta Aghali a ƙasa. Ya sanar da jama'a cewa abokinsa na ƙuruciya ya rasu jim kaɗan bayan ɗaukar fim. Ya share hawaye, aka miƙe tsaye aka yi shiru. A cikin zauren akwai wani ɗalibi ɗan Nijar da ya ɗauka a salula, ya tura wa 'yan uwansa da kyakkyawar niyya, da addu'ar Allah ya jiƙan rai. Kun san yadda irin wannan ke yawo.

Da safe kukan matata ya tashe ni. 'Yan uwanta na Agadas ne ke kira suna ta'aziyyar Kawu, suna faɗan me ya sa ba a sanar da su ba sai a bakin Turawa. Su sunan suka ji. Yayar Kawu, tsohuwa mai hawan jini, ta yanke jiki ta faɗi, an kai ta asibiti. Ina cikin kiran Abalessa sai ga maƙwabcin Baba Bukari a ƙofata. Can Maraɗi su fuskar suka gani. Babbar 'yarsa ta ga hoton mahaifinta da addu'ar mamaci, ta kira salularsa ba ta shiga don tana wurin mai gyara, har an riga an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida ana karɓar gaisuwa.

Da jawabi guda mutumin nan ya kashe mutum biyu, ɗaya ta suna, ɗaya ta fuska, kuma ni aka bari da tayar da su. Na ruga shagon Baba Bukari na same shi yana ɗinka wando, bai san ya mutu ba. Na kira 'yarsa ta bidiyo. Da ta gan shi ta ƙwalla ƙara ta jefar da salular, sai da wani ya ɗauka ya sa shi ya faɗi sunayen jikokinsa. Daga nan na ɗauki mota zuwa Abalessa. Na ɗauki Kawu a bidiyo a tsakiyar garkarsa yana gaida yayarsa da Tamashek, muka tura a nuna mata a gadon asibiti. Allah ya sa ta farfaɗo, amma har yau ƙafarta ɗaya ba ta koma daidai ba.

Da muka gama, Kawu ya zauna a bakin tanki. Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba.

Ya ce, "Ka faɗa wa Ilyasu, ya ce fuskata ba ta yi ba, na yi shiru. Ya ɗauki muryata ya ba wani, na yi shiru. Amma rai ba a hannunsa yake ba."

A gabansa na kira Malam Ilyasu. Na zayyana masa duk abin da ya faru, da tabarmin Maraɗi da asibitin Agadas. Na ji alamar abin ya girgiza shi. Sannan ya faɗi maganar da ta raba ni da shi.

"Mamman, wallahi ban zaci zai iso can ba. Wa zai gani a can?"

Na ce ya fito ya gyara maganar a inda ya yi ta. Abin da muka samu shi ne wani gajeren saƙon murya da ya turo mini, wai an sami rashin fahimta, a ba iyalai haƙuri. Turawan bai faɗa musu komai ba. A wurinsu har gobe Aghali yana kabari. Ya sake nemana da wani aiki bayan shekara, na ce masa ba ni da lokaci.

Yanzu in kun tambaye ni tsakanin finafinansa na da da na baya wanne ya fi, ba zan tsaya muku gardamar haske da sauti ba, na baya sun fi kyan gani, kowa ya sani. Bambancin da na gani da idona shi ne, lokacin da ya yi na farko ya san mutanen da ke ciki za su zauna su kalla, shi ma yana zaune a tsakaninsu, in ya yi musu ƙarya a nan za su kama shi. Na baya kuwa ya yi su ne yana da tabbacin ba mai gani a cikinmu. Lambar ba ita ta ɓata shi ba, ta zo ta tarar da shi haka.

Ku kuma da ke wannan aiki, ku sani masu kamera jirgi suke hawa su tafi, ku ne za ku ci gaba da haɗuwa da mai garka a kasuwa da masallaci da wurin suna. Tun daga wancan aikin, duk daraktan da ya ce in kai shi gidan wani, kome girman lambar da ke ƙirjinsa, tambaya ɗaya nake yi masa kafin in taɓa takardar izini: in an gama, za ka dawo ka haska musu, kana zaune a cikinsu? Wanda ya ce e nan take, muna aiki. Wanda ya tsaya yana sosa gemu, sai in nuna masa hanyar otel.